Daga Wusasa Zuwa Gadarif: Harshe, Ƙabila da Rabon Shugabanci a Gina Haɗin Kan Ikilisiya

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ikilisiyar da ta tara ƙabilu iri-iri za ta zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ta ɗauki Gadarif da ke gabashin Sudan, inda noma da gudun hijira suka haɗa Kiristoci daga Duwatsun Nuba da Sudan ta Kudu da Habasha da Iritiriya, ta auna ta da Arewacin Nijeriya, inda aka shafe kusan shekara ɗari ana sujada da Hausa alhali mafi yawan masu bi ba Hausawa ba ne. An bi tarihin mishan biyu, SIM da SUM, waɗanda suka yi aiki a ƙasashen biyu, aka nazarci abin da ya faru a Wusasa da Kaduna da Takum. Abin da aka gano shi ne harshen gama-gari yana tara jama'a a majami'a ɗaya, amma zamansu tare ya dogara ga yadda ake rabon kujera da kuɗi da lokacin sujada. Maƙalar ta rufe da shawarwari ga shugabannin ikilisiyoyin Gadarif.

1.0 Gabatarwa

Koyarwar Kirista ba ta da ja a kan cewa masu bi jiki ɗaya ne, kowace ƙabila suka fito. Amma duk wanda ya san zaman birni a Arewacin Nijeriya ya saba jin ana cewa wancan cocin 'yan Tangale ne, wannan na Tibi ne, na bayan kasuwa kuma na Bura da Margi. Allon da ke bakin ƙofa yana ɗauke da sunan ɗariƙa, bakin mutane kuwa yana kiran sunan ƙabila.

Matsalar ba ta tsaya ga Nijeriya ba. A watan Afrilun 1994, lokacin da bishop-bishop na Katolika daga Afirka ke taro a Roma suna tattauna ikilisiya a matsayin iyalin Allah, a daidai lokacin ake kashe mutane a cikin majami'un Ntarama da Nyamata a Ruwanda, ƙasar da mafi yawan jama'arta Kiristoci ne. A wannan taro ne wani bishop ɗan Nijeriya ya yi kashedin cewa idan tura ta kai bango, jinin ƙabila kan rinjayi ruwan baftisma.

Masana sun rabu kan mafita. Donald McGavran, wanda ra'ayinsa ya yi tashe daga 1970, yana ganin ikilisiya ta fi saurin yaɗuwa idan aka bar kowane jinsi ya yi sujada da irinsa, domin mutum ya fi sakewa inda ba sai ya tsallake shingen harshe ko na asali ba. Masu suka, irin su René Padilla, suka ce wannan sayen yawa ne da kuɗin haɗin kai. Maƙalar nan ba za ta yanke hukunci daga kan tebur ba. Za ta duba wuraren da aka gwada duka biyun, ta ga abin da ya biyo baya.

1.1 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatanci. Abin da ya halatta kwatancin shi ne tushen da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai. Mishan ɗin SIM, wadda ta fara yunƙurin shigowa Nijeriya a 1893, ita ce ta haifi ECWA, ita ce kuma ta shiga yankin Shuɗin Nilu a 1937 bayan Italiya ta kori ma'aikatanta daga Habasha, aikin da ya haifi ikilisiyar da ake kira SIC a Sudan. Mishan ɗin SUM, wadda Karl Kumm ya kafa, ta sauka a Wase a 1904, reshenta na Ostireliya da Niyu Zilan kuma ya kama aiki a Heiban cikin Duwatsun Nuba a 1920, inda ikilisiyar SCOC ta samo asali. Tarbiyya ɗaya ce, tsarin dattawa ɗaya, sai dai ƙasa da harshe suka bambanta.

2.0 Gadarif da Kiristocinta

Gadarif rumbun Sudan ce. Baƙar ƙasarta mai laka tana ba da dawa da riɗi da ƙaro, kuma tun tsakiyar shekarun 1940, da Turawan Ingila suka fara noman inji a Gadambaliya, manyan gonakin yankin ke jawo 'yan ƙwadago daga ko'ina. Tarakta na iya huɗa da shuka, amma yankan riɗi aikin hannu ne, kuma ba ya jira: idan ya bushe a tsaye, kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube. Shi ya sa kowace kaka ake neman hannaye da yawa cikin 'yan makonni, daga yamma da kudu da kuma tsallaken iyaka ta Gallabat da Metema.

Hausawa na cikin tsofaffin mazauna yankin. Wasu hanyar aikin Hajji ce ta ajiye kakanninsu, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, tafiyar da ta kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Kusan dukkansu Musulmi ne, su ne kuma maƙwabtan Kiristocin da ake magana a kansu, a unguwa da kasuwa da gona.

Kiristocin Gadarif tsiraru ne, kuma zuwansu hawa-hawa ne. Akwai 'yan Nuba da mutanen kudu waɗanda neman aiki da yaƙe-yaƙen basasa biyu suka turo arewa. Akwai 'yan Iritiriya da Habasha da suka fara shigowa gabashin Sudan tun ƙarshen shekarun 1960, suka ƙaru a yunwar shekarun 1980. Daga nan abubuwa uku suka sake fasalin jama'ar cikin shekara goma sha biyu. Na farko, ɓallewar Sudan ta Kudu a ranar 9 ga Yulin 2011 ta raba 'yan kudu da takardar zama 'yan ƙasa, da yawa suka koma, majami'u a faɗin arewa suka rasa mambobi da shugabanni, nauyin ya koma kan 'yan Nuba. Na biyu, yaƙin Tigrai da ya ɓarke a Nuwamban 2020 ya koro mutum sama da dubu hamsin, aka zaunar da mafi yawansu a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba cikin jihar, kuma galibinsu mabiya Orthodox ne. Na uku, yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disamban wannan shekara, ya kwararo ɗaruruwan dubban mutane daga Khartum da Jazira zuwa Gadarif, cikinsu har da Kiristocin da suka baro majami'unsu.

Saboda haka mai bi a Gadarif yau yana iya zama ɗan Katolika ƙarƙashin babbar diyosis ta Khartum, ko ɗan Angilika a lardin Sudan da ya tsaya da ƙafarsa a 2017 ƙarƙashin Akbishop Ezekiel Kondo, ko ɗan SCOC, ko ɗan Orthodox mai addu'a da harshen Gi'iz. Wani yana Kirsimeti ranar 25 ga Disamba, wani sai 7 ga Janairu. Harshen da ya fi haɗa su shi ne Larabci, na kasuwa da kuma na Littafi Mai Tsarki fassarar Van Dyck ta 1865. Amma Larabcin nan shi ne kuma harshen da gwamnatocin Abbud da Bashir suka nemi ɗora wa kowa, don haka ɗan Nuba yana amfani da shi yana kuma tuna abin da aka yi wa harshen uwarsa. Wannan matsayi mai fuska biyu shi ne ainihin matsayin Hausa a ikilisiyoyin Arewacin Nijeriya.

3.0 Yadda Ɗariƙa Ta Zama Ƙabila

Ba masu bi ne suka zauna suka raba kansu ƙabila-ƙabila ba. Tarihi ne ya gadar musu. Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addinin Musulunci ba, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta taƙaita shigar mishan cikin masarautu. Sai masu bishara suka karkata ga ƙabilun tsaunuka da na kwarin Binuwai. Domin kada su yi ta karo da juna, suka riƙa zama, tun daga taron Lakwaja na 1910, suna raba ƙasa: wannan yanki naku, wancan namu.

Iyakar da aka shata kusan kullum iyakar harshe ce. Reshen SUM na Ingila ya sami Ngas da Birom da Mwaghavul da Tarok, aka sami COCIN. Reshen Danmak ya sauka a Numan a 1913 cikin Bachama, aka sami LCCN. Mishan ɗin 'Yan'uwa ta kafa sansani a Garkida a 1923 cikin Bura da Margi, aka sami EYN. Tibi suka sami NKST, Jukun da Kuteb suka faɗa hannun mishan ɗin da ta haifi CRCN, Eggon da Mada kuma ERCC. Ita ma SIM, duk da faɗin ƙasarta, ƙarfinta ya taru a Tangale da Waja da kudancin Kaduna da ƙasar Yagba. Yaron da aka haifa a Garkida bai zaɓi EYN don ya auna koyarwarta da ta LCCN ba. Ita ya tarar a garinsu, ita ta gina makarantar da ya yi da asibitin da aka haife shi.

Haka abin yake a Sudan. Gwamnatin Ingila da Masar ta raba kudu tsakanin Katolika da CMS ta Angilika da mishan ɗin Amurka, ta yadda Nuwer da Shuluk da yawa suka tashi a Firesbiteriya, Dinka na Bor a Angilika, mutanen Heiban a SCOC, Uduk da Maban a SIC. Muddin kowa na garinsu, tsarin ba ya nuna aibinsa. Sai an haɗu a Kaduna ko Kano ko Gadarif ne tambaya ke tasowa: wace majami'a za a shiga, da wane harshe, kuma wa zai tsaya a gaba?

4.0 Abin da Hausa Ta Iya Yi

Wusasa ce misali na farko. Dakta Walter Miller na CMS yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. Ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kuma a 1913 wasu daga cikin Isawa, zuriyar almajiran wani malamin Kano da suka ɗaukaka matsayin Annabi Isa, suka nemo shi. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, aka gina majami'ar Bartalamawus da tubalin ƙasa bisa fasalin ginin Hausa. Ƙaramin ƙauyen ya tara Hausawa da Fulani da mutanen Filato a makaranta ɗaya da sujada ɗaya. Daga wannan da'ira aka sami Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa mai bishara ne Ba'angashe da ya kawo iyalinsa Wusasa. Abin lura a nan shi ne jama'ar ba su da yawa, kowa ya san gidan kowa, kuma babu ƙabilar da ke da wata majami'a ta daban da za ta koma.

Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta faɗaɗa abin. Harsunan yankin sun fi ɗari, masu fassara kaɗan ne, Hausa kuma ta riga ta bi kasuwa da layin dogo da ma'adinan kuza na Jos. Makarantun horar da masu bishara, irin ta Gindiri da aka buɗe a 1934 da ta Kagoro, suka riƙa koyarwa da ita. Sakamakon haka fasto Batangale zai iya wa'azi a ƙauyen Gbagyi, mai bi daga Numan ya shiga majami'a a Kafanchan ya buɗe Littafin Waƙoƙi ya bi sahu. A kan wannan harsashi aka kafa ECWA a 1954, aka kuma kafa tarayyar ikilisiyoyin da suka fito daga SUM da mishan ɗin 'Yan'uwa a Randa a 1955, wadda a yau ake kira TEKAN. Kwalejin tauhidi ta Bukuru, da yunƙurin bishara na Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960, duk sun ci moriyar wannan harshe ɗaya.

Amma inda haɗin ya fi kama ƙasa shi ne Zumuntar Mata. Idan aka yi rasuwa a gidan wani mamba a Tudun Wada ko Sabon Gari, kafin majalisar dattawa ta zauna, matan sun iso da zanensu iri ɗaya. Wata ta ɗauko itace, wata mudun shinkafa, wata ta kama wanke-wanke, shugabarsu tana riƙe da littafin da ake rubuta gudunmawa. Da dare su zauna a tsakar gida da tulu da kacau-kacau, mai ba da waƙa ta ɗaga da Hausa, sauran su amsa, can kuma wata ta sako ta harshen mamacin, waɗanda ba su ji ba su bi amshin da ka. Ba wanda ke tambayar ƙabilar mai gidan kafin a ɗora tukunya. Haka suke yi a haihuwa da jinya da aure. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kuma matan nan da ƙafa suke yin ta kowane mako, ba sai Lahadi ba.

5.0 Inda Harshe Ya Gaza

Da harshe ɗaya ya isa, da labarin ya ƙare a nan. Abubuwa uku sun nuna bai isa ba.

Na farko shi ne HEKAN, wato Haɗaɗɗiyar Ekklisiyar Kristi a Nijeriya. Ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa daga ikilisiyoyin tarayyar da suka sami kansu a Kaduna sun fara sujada tare da Hausa, kuma a farkon shekarun 1960 aka tsayar da ita a matsayin ikilisiyar kowa da kowa, domin kada kowace ɗariƙa ta kafa tata a babban birnin Arewa. Tunani ne mai kyau, kuma HEKAN tana nan da ranta. Sai dai da jama'ar kowace ƙabila suka yawaita a birane, iyayen ɗariƙun suka biyo 'ya'yansu, kowace ta buɗe rassanta. Dalilan a fili suke: baiko da zakkar ma'aikacin birni sun fi na manomi kauri, hedikwatar gida tana son su, shi ma mai bin yana son inda za a san garinsu ranar aurensa da ranar jana'izarsa. Ko a cikin ECWA, rabuwar sashen Hausa da sashen Turanci, wanda a garuruwa da dama ya zama majami'u biyu masu suna daban, ta ƙara wani layi: dattawa da masu ƙaramin ƙarfi a gefe guda, matasa da 'yan boko a ɗaya gefen.

Na biyu shi ne Takum. Jukun da Kuteb da Chamba sun taso a ikilisiya ɗaya, koyarwa ɗaya, Hausa kuma tana haɗa su a taro. Duk da haka a 1973 mafi yawan Kuteb suka fice suka kafa tasu, wadda a yau ake kira RCCN, bisa kukan cewa ba a yi da su a shugabanci da rabon abubuwan da ikilisiya ta mallaka. Ba a saɓa kan aya ko ɗaya ba. Da rikicin sarauta da na iyakar ƙaramar hukuma ya ɓarke a Takum a 1997, waɗanda suka fuskanci juna da makami mafi yawansu masu zuwa sujada ne. Sai a 2003, bayan shekara talatin, ikilisiyoyin biyu suka yi taron yafe wa juna, kuma har yau kowace na cin gashin kanta.

Na uku shi ne halin Hausawa Kiristoci su kansu, na ƙasar Kano da Katsina da Zazzau, waɗanda da yawansu daga Maguzawa suka fito. Da harshensu ake sujada, amma sau da yawa a cikin ikilisiya ana yi musu kallon baƙi, musamman idan rikicin addini ya tashi, a waje kuma ana mamakin Bahaushe Kirista. Wannan na cikin abin da ya sa suka haɗu da Fulani da Barebari masu bi a Tarayyar Masihiyawa. A ɗaya ɓangaren, ƙananan ƙabilu na kukan cewa Hausar majami'a ta taimaka wajen raunana harsunansu, abin da ya ƙarfafa aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harsunan gida, wanda cibiyar fassara ta Jos ke jagoranta tun 1976.

Wasu wuraren ma sun ga irin wannan. A diyosis ta Ahiara a jihar Imo, limaman Katolika sun ƙi karɓar Bishop Peter Okpaleke da aka naɗa a 2012 don ba ɗan Mbaise ba ne, alhali shi da su duk Ibo ne. Ko umarnin Paparoma Francis na 2017 bai buɗe masa ƙofa ba, ya ajiye muƙamin a 2018. A Habasha, maƙwabciyar Gadarif, wasu manyan limaman Orthodox daga Oromiya sun naɗa bishop-bishop nasu a Janairun 2023, suna kukan an danne harshensu an kuma hana su kujeru, kafin a sasanta a watan da ya biyo baya. Limaman Tigrai kuwa sun yanke hulɗa da majalisar Adis Ababa saboda matsayinta a lokacin yaƙi, kuma wannan rauni yana cikin zukatan mutanen da ke zaune a Um Rakuba.

A duk waɗannan wurare kalaman da ake ji iri ɗaya ne: namu ne, ba namu ba ne, su ke ci mu ke kallo, yaushe za a zo kanmu. Maganar kujera ce da asusu da makaranta da asibiti.

6.0 Darussa ga Gadarif

Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 6, ya kawo saɓanin farko da ya taso a ikilisiyar Urushalima, kuma na rabon abinci ne. Masu jin Helenanci suka yi ƙorafin ana tsallake matansu da mazansu suka mutu. Manzannin ba su tsawata wa masu ƙorafin ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, kuma sunayen bakwai ɗin duk na Helenanci ne, wato an damƙa amanar a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Garin da ya cika da 'yan gudun hijira, inda buhun dawa da bargo da maganin zazzaɓi ke bi ta hannun majami'a, yana cikin wannan hali sak. Daga nan da kuma tarihin da aka bi, ga abin da maƙalar ke ba da shawara.

Na ɗaya, kwamitin rabon tallafi ya ƙunshi kowane rukuni, tsofaffin mazauna da sababbin zuwa, maza da mata, a kuma karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a. Zargi ya fi yaɗuwa inda lissafi ke hannun mutum biyu masu harshe ɗaya.

Na biyu, a rubuta ƙa'idar zaɓen dattawa tun ana zaman lafiya: wa'adi mai iyaka, da tanadin kujera ga rukunin da ƙuri'a kaɗai ba za ta taɓa kai shi ba. Rinjayen yawa hanya ce mai sauƙi ta mayar da majami'ar kowa ta zama ta ƙabila ɗaya ba tare da an karya wata doka ba. Takum ta nuna tsadar jinkiri.

Na uku, Larabci ya riƙe wa'azi da sanarwa, amma a ba harsunan gida gurbi tabbatacce a karatun nassi da waƙa da addu'a, bi da bi. Inda ake sujada daban-daban a gini ɗaya, a riƙa juya lokutan, kada wasu su dawwama a sanyin safiya wasu a zafin azahar, a kuma tsayar da Lahadin da kowa zai haɗu a ci Jibin Ubangiji tare.

Na huɗu, a girmama bambancin al'ada a ƙananan abubuwa. Mabiya Orthodox ba sa cin nama da madara ranakun Laraba da Juma'a da lokutan azuminsu. Wanda ya shirya cin abincin zumunci bai duba wannan ba, ya gayyaci mutane ne su zo su kalli wasu suna ci. Kirsimeti biyu kuma dama ce ta ziyara sau biyu.

Na biyar, a ƙarfafa ƙungiyoyin mata da na matasa su ratsa ɗariƙu, su yi aiki tare a jinya da makoki da karatun yara. Majalisar Ikilisiyoyin Sudan, wadda tun shekarun 1960 ta haɗa Katolika da Orthodox da sauran ɗariƙu, inuwa ce da ta riga ta samu, saura a sauko da ita matakin unguwa.

Na shida, a tuna da maƙwabta. Rikicin Shuɗin Nilu na Yulin 2022, wanda ya taso kan ƙasa da sarauta tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, ya kuma jawo zanga-zanga har a Gadarif da Kasala, ya nuna cewa tambayar ɗan ƙasa da baƙo tana da rai a gabashin Sudan. Ikilisiyar da ta kasa warware ta a cikin gida ba ta da bakin sasanta wasu a waje.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa rabuwar ikilisiya bisa ƙabila gadon rabon ƙasa ne da mishan suka yi, kuma birni da gudun hijira ne ke fito da ita fili. Hausa a Arewacin Nijeriya ta ba ƙabilu sama da ɗari littafi ɗaya da waƙa ɗaya da fastocin da za su iya aiki ko'ina, kuma Larabci na iya yi wa Gadarif haka. Amma Kaduna ta nuna cewa haɗaɗɗiyar majami'a tana raguwa idan kowace ƙabila ta sami ƙarfin gina tata, Takum kuma ta nuna cewa masu koyarwa ɗaya da harshe ɗaya suna rabuwa idan wani ɓangare ya ga ba a yi da shi. Kiristocin Gadarif a yanzu tsiraru ne, wahala ta matse su wuri ɗaya, kamar yadda ƙarancin jama'a ya haɗa mutanen Wusasa. Yaƙi zai ƙare, wasu za su koma, wasu za su zauna su yi ƙarfi. Ƙa'idar rabon kujera da asusu da lokacin sujada da aka rubuta yau, tun kowa na buƙatar kowa, ita za ta yanke ko za su ci gaba da zama a majami'a ɗaya a wannan lokacin.